Laminet ko Haɗaɗɗen Katako? Darasin da Falon Yayana Ya Koya Mini



Ranar da editan mujallar nan ya tare ni a bakin kafteriya ya ce ana son darasi ɗaya daga Sashen Fasahar Gine-gine, abin da ya fara zuwa raina shi ne in yi rubutu a kan kankare ko lissafin rodi, don a ce yaron nan ya sha karatu. Da na kwana na tashi sai na ga gara in kawo muku darasin da na koya a falon yayana, wanda na biya kuɗin makarantarsa da kunya da kuma abin aljihuna. Kowa a cikinmu, ko Akanta yake karantawa ko Kimiyyar Kwamfuta, wata rana zai gina ɗaki ko ya kama haya, mace kuma a yi mata jere. Sannan kun sani, da zarar an ji kana poli to a gida kai ne injiniya, ko da Aikin Jarida kake karantawa.

Yadda abin ya faru

Bayan mun gama ND I na yi SIWES na wata huɗu a wani rukunin gidaje da ake ginawa a Abuja. A can na fara ganin ana shimfiɗa daɓe mai kama da katako a ɗakunan kwana. Ma'aikata biyu, yini ɗaya, sun gama ɗaki. Ba siminti, ba kwaɓi, sai dai ka ji ƙas-ƙas suna ɗana wannan falle a jikin wancan. Abin ya burge ni, na cika wayata da hotuna.

Da na koma gida na tarar Yaya yana fafutukar ƙarasa gininsa a bayan gari, ciki da falo, biki saura wata guda. Niyyarsa tayil zai sa. Na nuna masa hotunan na ce, "Yaya, wannan ake yayi yanzu. Ba sanyi a ƙafa da hunturu, kuma kwana biyu an gama." Ya dube ni ya ce, "Ka tabbata, Injiniya?" Na ce na tabbata. Kuɗin da ya tara na tayil, da ɗan ƙarin da ya ranto, muka kai kasuwa muka sayo laminet. Muka samu kafinta, gwani ne a kujera da gado, amma bai taɓa shimfiɗa irin wannan ba, ni kuma kallo kawai na taɓa yi. Kwana goma da zuba simintin ƙasa muka shimfiɗa, muka matse shi tsam da bango don kada a ga kafa. A watan Afrilu ne, ana tsakiyar zafi. 'Yan jere suka zo suna ta yabawa, Umma ta yi ta sa mini albarka.

Cikin Agusta sai Anti, matar Yaya, ta kira ni a waya tana dariya, amma irin dariyar da ta fi kuka ciwo. Ta ce, "Injiniya, zo ka ga falonka ya yi ciki." Na je na tarar tsakiyar falon ya taso kamar kunyar dankali, bakin fallayen ya kumbura, ƙofar ɗaki ba ta rufuwa, ga wani wari kamar na jiƙaƙƙen kwali.

Da na koma makaranta na samu malaminmu na Kayan Gini na ba shi labari. Tambaya uku ya yi mini. Kwana nawa simintin ya yi kafin ku shimfiɗa? Kun sa leda a ƙasa? Kun bar tazara a jikin bango? Duka ukun na faɗi. Ya ce, "To ka je ka karanta, ka dawo ka koya mini." Abin da na karanto, da abin da na gani da idona a wurin gyara, shi ne wannan darasi.

Mene ne laminet?

Abu na farko da ya kamata kowa ya sani: abin da idonka ke gani a saman laminet hoto ne. Hoton katako ne aka buga a takarda. Wani kamfanin ƙasar Suwidin mai suna Perstorp ne ya ƙirƙiro shi a shekarar 1977, ya riƙa sayar da shi da sunan Pergo. A shekarun 1990 kuma aka fito da fasahar ɗana fallaye ba tare da gam ba, wadda kamfanonin Välinge na Suwidin da Unilin na Beljiyam suka yi fice a kanta. Ita ce ƙas-ƙas ɗin da na ji a Abuja.

In ka yanka fallen laminet ka dubi gefensa za ka ga hawa huɗu. Na sama wani siririn rufi ne garai-garai mai tauri, na roba irin ta melamin da aka haɗa da garin almuniyam oksaid, shi ne ke kare karce. Ƙarƙashinsa takardar hoto. Sai ciki, wanda shi ne mafi kauri, wato HDF: garin itace ne da gam aka matse da ƙarfi da zafi, ɗan uwan MDF ɗin da kafintoci ke yin durowa da shi, sai dai ya fi shi nauyi da tauri. Na ƙarshe shi ne rufin baya, mai hana fallen lanƙwashewa. Kaurin duka yakan kama daga milimita 6 zuwa 12.

Wanda ya taɓa ganin teburin MDF da ruwa ya shiga ya riga ya san raunin laminet. Samansa ba ya shan ruwa, amma in ruwa ya bi ta mahaɗar fallaye ko ta ƙasa ya isa ga HDF, sai ya kumbura. Kuma in ya kumbura ya kumbura kenan, ko ya bushe ba ya komawa yadda yake.

Mene ne haɗaɗɗen katako?

Shi wannan, wanda 'yan kasuwa ke ce wa injiniyad, samansa itace ne na gaske. Ana yanko siririn falle na itace mai daraja, galibi ok, wani lokaci tik ko loko, a manna shi a kan hawa-hawan filawud ko wani itace mai araha. Dabarar ita ce kowane hawa ana gicciye shi a kan na ƙasansa: in zaren wannan ya kalli gabas, na gaba zai kalli arewa. Wani ɗan Suwidin, Gustaf Kähr, ya yi rajistar wannan fasaha tun 1941, kun ga ya girmi laminet da shekaru da yawa.

Abin da ake dubawa a nan shi ne kaurin itacen saman. Akwai mai ƙasa da milimita 1, akwai mai 3, mai 4, har mai 6. In ka ga an rubuta 14/3 a kwali, ana nufin kaurin fallen duka milimita 14 ne, itacen gaske na sama kuma milimita 3. A ƙa'idar Turai sai saman ya kai milimita 2.5 kafin a kira shi faket. Muhimmancin wannan lamba shi ne gyara. In saman ya tsufa ya yi karce, ana iya goge shi da injin samfefa a sake shafa masa mai ko banish ya dawo sabo. Kowace guga tana cin kusan rabin milimita zuwa ɗaya. Kenan mai milimita 3 zai iya ɗaukar guga ɗaya ko biyu, mai 6 ya ɗauki fiye da haka, mai ƙasa da milimita 1 kuwa ko kusa kada a kai masa inji. Laminet ba a goge shi sam, don in ka goge hoton ka isa ga garin katako.

Me ya sa katako ke motsi?

Nan ne zuciyar darasin. Itace ko an sare shi shekara ɗari yana nan yana shan laimar iska yana fitarwa. In iska ta yi laima ya kumbura, in ta bushe ya tsuke. Motsin nan a faɗi yake yin sa, a tsawo kusan ba ya motsi. Shi ya sa ƙofar katako ke cijewa da damina, da hunturu kuma ta saki har ka hango haske ta gefe. Gicciya hawa-hawa da ake yi a haɗaɗɗen katako don rage wannan motsi ne, kowane hawa yana riƙe ɗan uwansa. Ragewa fa na ce, ba hanawa ba.

Yawancin kamfanonin da ke yin waɗannan kaya suna ba da shawarar laimar iskar ɗaki ta tsaya wajen kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Mu kuwa a nan Arewa, da hunturu laimar kan sauka ƙasa da kashi 20, a tsakiyar damina ta haura 70. Wato a shekara ɗaya daɓen zai sha bushewar da ta wuce ƙa'idarsa, ya kuma sha laimar da ta wuce ta.

Mu yi ɗan lissafi. A ce faɗin falo mita 5 ne, daɓen ya ƙaru da kashi 0.2 cikin ɗari kacal. Mita 5 milimita 5,000 ce, kashi 0.2 nata kuwa milimita 10. Santimita guda kenan. In ba ka bar masa wurin zuwa a jikin bango ba, ina zai je? Sama. Mu mun shimfiɗa namu a Afrilu, lokacin da fallayen suke a tsuke, muka matse su da bango. Agusta na zuwa suka nemi wuri suka rasa.

Kada kuma wani ya ɗauka haɗaɗɗen katako ya tsira. Shi matsalarsa hunturu ce. In iska ta bushe ƙwarai, itacen saman yana son tsukewa, filawud na ƙasa yana riƙe da shi, sai ka ga ƙananan tsaga a fuska ko kafa a mahaɗa. Ɗakin da na'urar sanyaya iska ke aiki dare da rana ma haka, don ita ma busar da iska take yi.

Mu auna su da rayuwar gidajenmu

Ruwa. A gidajenmu ana wanke ƙasa ne da ruwa sosai, wani lokaci a kwara bokiti a bi da tsintsiya. Ga buta, ga mai fitowa daga alwala da jiƙaƙƙun ƙafafu, ga yara. Duka biyun ba sa son haka. Laminet ya fi saurin lalacewa a mahaɗa, haɗaɗɗen katako mai cikin filawud ya fi shi haƙuri kaɗan, amma shi ma in ruwa ya kwana a kansa zai yi baƙi ya lanƙwashe. Yanzu akwai laminet da ake rubuta wa mai jure ruwa. Ka karanta da kyau, za ka ga jurewar ta wasu awoyi ce ga ruwan da ya zube a sama. Ba ta shafi danshin da ke tasowa daga ƙasa ba.

Yashi da ƙura. A nan laminet ya yi nasara. Rufinsa ya fi banish ɗin katako tauri. Yashin da takalmi ke shigowa da shi da ƙurar hunturu samfefa ne a kan itace, kullum suna cin sa kaɗan-kaɗan. Al'adarmu ta cire takalmi a bakin ƙofa babbar kariya ce, a ƙara da tabarmar goge ƙafa.

Wuta. Wannan ba za ka gan shi a takardar Bature ba: kaskon turaren wuta. Garwashi ɗaya in ya faɗo a laminet ya ƙona hoton, sai dai a cire fallen a sa wani. A haɗaɗɗen katako mai kaurin sama, in ƙunar ba ta yi zurfi ba ana iya gogewa. Ko wanne aka sa, a riƙa ɗora kaskon a kan faranti ko guntun tayil. Haka dutsen guga.

Gara. Duka biyun daga itace suke, gara kuwa ba ta tambayar farashi. Abin da ya fi muni, tana cin su ta ƙasa inda ba a gani. In filin yana da shuri ko unguwar ta yi suna da gara, dole a yi wa ƙasa magani tun kafin a zuba kankare, a kuma toshe duk tsagar da ke daɓen siminti.

Ji a ƙafa. Haɗaɗɗen katako ya fi daɗin takawa, kuma ba falle biyu da suke iri ɗaya sak, don itace ne. Laminet hoton maimaita kansa yake yi bayan wasu fallaye, kuma mai arahar yana ƙara kamar kana taka akwati, musamman in shimfiɗar ƙasa ba ta da kyau.

Kuɗi. Ba zan faɗi farashi ba, don kafin a buga mujallar nan ya canza, tunda kusan duk daga waje ake shigo da su kuma da dala ake auna su. Abin da ke tabbas shi ne haɗaɗɗen katako mai kyau yakan ninka laminet kuɗi, wani lokaci fiye da ninki. In wani ya kawo maka injiniyad a farashin laminet, nemi ganin gefen fallen. Araha ba ta ado.

Yadda ake karanta kwali

In laminet ne, nemi lambar AC. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 13329 ce ta tsara ta. Ana ɗora guntun falle a inji, ƙafafun samfefa suna juyawa a kansa, ana ƙirga juyi nawa zai yi kafin hoton ya fara cinyewa. AC3 sai ya kai juyi 2,000, AC4 juyi 4,000, AC5 kuma 6,000. AC1 da AC2 na ɗakin da ba a yawan shiga ne. AC3 ya isa gida. Amma falon Bahaushe, inda ake suna da gaisuwar salla da zaman 'yan uwa, ni AC4 zan ba da shawara. Ku lura, kauri daban, AC daban. Mai milimita 12 na iya zama AC3, mai milimita 8 ya zama AC4. Kauri yana taimakawa wajen ƙarfin mahaɗa da rage ƙara, AC kuma shi ne juriyar fuska.

Sai alamar E1. Gam ɗin da ake haɗa HDF da filawud da shi yana fitar da sinadarin fomaldihaid, wanda 'yan Sashen Kimiyyar Ɗakin Gwaji suka sani a cikin fomalin. In ya yi yawa yana sa yajin ido da tari, kuma an lissafa shi cikin abubuwan da ke haddasa kansa. E1 na nufin abin da yake fitarwa bai wuce wata iyaka da ƙa'idar Turai ta tsara ba. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A 2015 shirin 60 Minutes na gidan talabijin ɗin CBS a Amurka ya ba da rahoton yawan wannan sinadari a wani laminet da aka shigo da shi daga Sin, har kamfanin da ke sayarwa ya daina sayar da shi. In haka ta faru a ƙasar da ake sa ido, ai mu sai mu ƙara buɗe namu idon. Kwalin da ba sunan kamfani, ba AC, ba E1, ka bar shi a shagon. Ka kuma tabbatar duk kwalayen lambar bugu ɗaya suke da ita, don launi kan bambanta daga bugu zuwa bugu.

Kafin a shimfiɗa falle ko ɗaya

Na ɗaya, bushewar siminti. Ƙa'idar da magina ke bi ita ce kwana ɗaya ga kowace milimita ɗaya ta kaurin simintin da aka shafe ƙasa da shi, in bai wuce milimita 40 zuwa 50 ba. Mai milimita 40 kenan yana son kwana arba'in. Zafinmu na iya busar da sama da wuri, ciki kuma yana nan da ruwa. Akwai gwaji mai sauƙi: yanko leda mai kauri, santimita 45 kowane gefe, ka manne ta a ƙasa da salatif ta ko'ina, ka bar ta aƙalla awa 16, gara ma yini da kwana. In ka ɗaga ka ga raɓa a jikinta ko simintin ya yi duhu, akwai danshi, kada a shimfiɗa. In ba ka ga komai ba, alama ce mai kyau, amma na'urar auna danshi ta fi tabbas. Ka kuma tambaya ko an sa leda a ƙarƙashin kankaren tun wajen gini. A gidan Yaya ba a sa ba, shi ya sa damina na sauka danshin ƙasa ya biyo.

Na biyu, miƙewar ƙasa. Ɗora doguwar sandar almuniyam da ake miƙe filasta da ita, mai mita 2. In akwai rami ko tudu da ya wuce milimita 3, a gyara tukuna. In ba haka ba mahaɗar za ta riƙa lotsawa har ta karye.

Na uku, a kawo kwalayen cikin ɗakin a kwantar da su aƙalla awa 48 kafin aiki, don su saba da iskar wurin.

Na huɗu, a shimfiɗa leda mai kaurin milimita 0.2, baki ya hau baki a manne da salatif, gefenta ya ɗan hau bango. A kanta a sa siririn soso na milimita 2 zuwa 3.

Na biyar, tazara. Milimita 8 zuwa 10 a jikin kowane bango, da bakin ƙofa, da jikin ginshiƙi ko bututu. Sikatin ne zai rufe ta, kuma a bango ake kafa sikatin, ba a jikin daɓen ba. In da rani ake aikin, a ɗauki babbar lambar. Mahaɗar kan fallaye kuma kada ta zo a jere, a gocar da ita da aƙalla santimita 30 tsakanin layi da layi. Irin wannan daɓe a kwance kawai yake, ba ƙusa ba gam, don haka kada a gina kabad ɗin girki ko wani abu mai nauyin gaske a kansa ya danne shi. Haɗaɗɗen katako ana iya shimfiɗa shi haka, ana kuma iya manne shi da gam na musamman, wanda ya fi tsada kuma sai gwani.

Lissafin kwali

Ɗauki ɗakin da muka saba, sha biyu sha biyu. Ƙafa 12 mita 3.66 ce. In ka ninka 3.66 da 3.66 za ka samu murabba'in mita 13.4. Ƙara kashi 10 cikin ɗari na yanke-yanke, ya zama 14.7. A ce kwalin da ka samu an rubuta yana rufe murabba'in mita 2.2. Raba 14.7 da 2.2, ka samu 6.7, wato kwali 7. In za a jera shi a karkace ko a yi masa zanen ƙashin kifi, ƙarin ya zama kashi 15. Kada ka manta da kuɗin leda, soso, sikatin, ƙarfen bakin ƙofa da ladan mai aiki, don a nan kasafi ke fashewa. Abin da ya ragu kuma a adana shi a busasshen wuri, ranar gyara za ka gode wa kanka.

To wanne za a zaɓa?

In kuɗinka daidai ne, ɗakin kwana ne ko falo busasshe, akwai yara da yawan baƙi, ko kuma gidan haya ne da kake son in za ka tashi ka kwashe abinka, laminet AC4 mai milimita 8 zuwa sama ya wadatar. In gidanka ne na zama, kana da hali, za ka iya kula da shi, musamman a saman bene inda danshin ƙasa da gara ba su cika kaiwa ba, haɗaɗɗen katako mai saman milimita 3 ko fiye zai daɗe, kuma ana sabunta shi. Sai dai ka fara binciken ko akwai mai injin gugar a garinku.

Akwai kuma amsa ta uku da ban ba Yaya ba, wadda ita ce ya kamata in fara ba shi: wani wurin ba ya son ko ɗaya. Kicin, banɗaki, bakin ƙofar tsakar gida, gidan da ke fadama ko wanda ba a sa leda a ƙarƙashin kankarensa ba, a sa tayil ko tarazo a huta. Akwai tayil mai zanen katako, akwai kuma SPC, wanda garin farar ƙasa da roba ne, ruwa ba ya kumbura shi. Kakanninmu da ke daɓe da tsakuwa da ruwan makuba sun zaɓi abin da ya dace da ƙasarsu da yanayinsu ne. Mu ma tambayar farko ita ce me wurin zai ɗauka, kafin me ake yayi.

Yadda muka ƙare

Mun kwashe fallayen duka, kusan kashi ɗaya cikin uku sun tafi bola. Amarya ta yi wata uku a kan tabarma da kafet. Bayan damina ta ɗauke muka yi gwajin leda, muka gyara ƙasa, muka sa leda da soso, muka bar tazara. Bakin banɗaki da ƙofar shigowa muka sa tayil. Kwalayen da muka ƙaro launinsu ya ɗan fi na farko duhu, sai muka tura su ƙarƙashin gado. Kuɗin da nake tarawa na furojet na zuba a ciki. Yaya ya ƙi karɓa da farko, na ce, "Yaya, ka bari in biya, in ba haka ba ba zan riƙe karatun ba." Ya yi murmushi ya karɓi rabi. Daminar bana ta wuce, falon yana nan lafiya lau, sai dai na gaya musu mu ci gaba da sa ido, tunda ledar sama rage matsala take yi, ba ta maye gurbin wadda ba a sa a ƙarƙashin kankare ba. Anti kuwa har yau in na shiga sai ta ce, "Injiniya, taka a hankali, kada ya sake yin ciki."

'Yan ND I da za ku fita SIWES, roƙona gare ku ɗaya ne. In kun ga aiki ya yi kyau, ku tambayi abin da aka yi kafin ku iso wurin, don ni ƙarshen aikin na gani na ɗauka shi ne duka. In kuma aka tambaye ku a gida abin da ba ku da tabbas a kai, ku ce bari in tambayo malam. Mai tambaya ba ya ɓata.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke tafe, Ya raba mu da maimaita kwas, Ya sa karatun ya amfane mu da iyayenmu. Amin.